Ranar da Na Roƙi Surukata Kashin Jikanta

Sallama gare ku masu karatu, har da ke baiwar Allah da kika rubuto kina tambaya wai da gaske ne kashi nake kwasa, ko dai gishiri nake ƙarawa don labari ya yi armashi. 'Yar uwa, wallahi da gaske ne. Ni Hamdiyya 'yar Malam Sanusi tela, haifaffiyar Talata Mafara, na yi karatun lafiya na gama, na yi hoto da hular nan mai jela, Innarmu ta raba waina har unguwar gaba, ƙarshenta aikin da na samu shi ne bin yara masu zawo da 'yar kwalba.

Bari in yi wa sababbin zuwa bayani. Akwai wata ƙwayar cuta da ake ce wa rota, ita ke sa ƙananan yara amai da gudawa kamar an kwance famfo, kafin a ankara ruwan jikin yaro ya tsiyaye. Yanzu akwai rigakafinta da ake ɗiga wa jarirai a baki. To, masu shirin da nake yi wa aiki so suke su san ko rigakafin na ci, kuma zawon da ke kwantar mana da yara rota ce ko wani abu ne daban. Ido ba ya ganewa, sai an gwada. Don haka duk yaron da bai kai shekara biyar ba aka kwantar da shi a asibitinmu da gudawa, sai ga Hamdiyya ta ɓullo da safar hannu da takunkumi, ta roƙi izinin iyaye, ta ɗebi ɗan kaɗan da cokalin roba, ta rufe, ta sa a kula mai ƙanƙara a tura ɗakin gwaji. Daga Maradun ake kawo mana yara, daga Bakura, daga ƙauyukan da mashin kaɗai ke shiga. Ina son aikina, wanda ya ji haushi ya sha ruwan sanyi.

Wadda ta fi kowa jin haushin kuwa Innarmu ce. Ba ta taɓa kiran sunan aikin ba, sai dai ta ce "abin nan naki". Tun ranar da ta tarar da robobin ƙanƙarar kulata a cikin firizar da take daskarar da zoɓon sayarwa, ta yi salati har maƙwabta suka leƙo ta katanga. Na rantse mata ruwa ne zalla a ciki, ko kusa da yaro ba su taɓa zuwa ba. Ina! Ta zubar da zoɓon ranar kaf, ta wanke firizar da omo da toka, ta bi da turaren wuta kamar ɗakin amarya.

"In dangin yaron ga sunka ji, Hamdiyya, kin kashe ni," in ji ta. "Ɗiyan mutane na aikin banki, ke kina bin gindin yara."

Yaron da take nufi shi ne Rilwanu, mutumin Bakura, mai shagon turare a bakin kasuwar Mafara. Kai jama'a, Rilwanu ya haɗu, ba zan yi muku ƙarya ba. Dogo ne, wankan tarwaɗa, shaddarsa ba ta san lanƙwasa ba, hularsa kullum kamar yau aka sauke ta daga kan gwangwani. In ya zo zance ya tafi, zauren Baba sai ya kwana yana ƙamshi. Ga iya saƙo. Da asuba: "Hasken Mafara, kin tashi lafiya?" Da azahar: "Na ci abinci amma ban ƙoshi ba, saboda ba hannunki ne ya dafa ba." Ni kuwa sokuwa sai in rungume waya ina murmushi, ga kwalba a ɗaya hannun.

Shi ya san aikina sarai. Abin da ya roƙe ni tun farko ɗaya ne, kada mahaifiyarsa ta sani.

"Hajiyarmu tana da ƙyama, Hamdina. Ko kofin wani ba ta sha da shi. Na ce mata a ofis kike, kina latsa kwamfuta. Ki bari a ɗaura, sauran mai sauƙi ne."

Na yarda. Innarmu ta sa hannu biyu ta karɓi ƙaryar, har ta yi mata ado, ta ce ofishin da na'urar sanyaya ɗaki. Sau ɗaya tak na taɓa zuwa gaida Hajiya Gimbiya a Bakura, na sha hoda da jan baki, na ja mayafi har haɓa, na durƙusa can bakin ƙofa ina magana kamar mai ciwon haƙori. Ita ba ta ga fuskata sosai ba, ni kuwa na ƙare mata kallo ta ƙasan mayafi: doguwar tsohuwa, haƙorin Makka a gefe, murya kamar ta mai shela. Aka tsayar ranar Juma'a za su kawo kayan sa rana. Gidanmu aka shiga soya cincin da dubulan, Baba ya ture ɗinkin mutane ya kama na Inna.

Ana sauran 'yan kwanaki, na shirya da safe kamar kullum: atamfa ruwan ganye, farin hijabin aiki har gwiwa, takalmin roba, fuska ba ko kwalli. Na ɗaura takunkumi tun daga bakin asibiti. Ina shiga ɗakin yara Sista Zainab, nas ɗin da ke kan aiki, ta nuna min gadon ƙarshe da baki.

"Ga naki can, daga Bakura. Amma ki shirya, kakar ta fi yaron ciwo."

Tun kafin in ƙarasa na ji muryar.

"Haƙori na! Haƙori shika yi, kowane ɗa da zawo shika hidda haƙora. Mu dai mai kemis yac ce mu taho, in ba haka ba mi za ya kawo ni nan?"

Na tsaya cak. Na ce a raina, Hamdiyya, rana dubu ta ɓarawo. Hajiya Gimbiya ce zaune daram a kan kujerar roba, ta sha leshi ruwan toka da mayafi mai duwatsu, kamar wadda za ta walima. Na juya zan gudu, sai idona ya faɗa kan yaron.

Bai kai shekara ba. Kwance yake lakwas, ido ya zurma, leɓe ya bushe ya tsage, an sa masa ƙarin ruwa a bayan hannu. Tsakar kansa maɗigar ta faɗa, an cike ramin da wani baƙin haɗi da ya bushe ya yi ɓawo. Ko kuka ba ya iyawa, sai ɗan nishi. Wanda ya saba ganin irin yaran nan ya san ba a wasa da wannan nishin.

Can ƙarshen gado kuma wata yarinya ce zaune a ƙasa ta ba yaron baya, ta ƙura wa bango ido kamar bangon ne ba shi da lafiya. Na gane ta a hoton biki: Taibatu, matar Jibrin yayan Rilwanu. Ɗanta ne na fari, ga kuma uwar miji a zaune, kunya biyu ta haɗe mata. Ba ta isa ta kalle shi ba, balle ta nuna damuwa, a ce ba ta da ta ido. Amma na ga babban yatsan ƙafarta yana ta murzar siminti kamar zai huda shi.

Na gyara takunkumi, na ja hijabi ya rufe gira, na sauya murya ta koma irin ta malaman asibiti masu ji da kansu.

"Sannu Hajiya, ya mai jiki? Allah ya ba shi lafiya. Ya sunansa?"

Taibatu na kalla, Hajiya ta amsa. "Mujahid. Ke kuma wace ce? Likita ko mai shara?"

"Tsakiya nake, Hajiya."

"To 'yar tsakiya, ruwan ga in ya ƙare mu tahiya za mu yi. Akwai tsohuwa Bakura da ta iya ɗaga maɗiga."

Na lallaɓa na ce maɗigar ba faɗuwa ta yi don kanta ba, ruwan jikinsa ne ya ƙare, in ruwa ya koma za ta taso. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce ko uwata ba a haifa ba ta fara ganin maɗiga. Na haɗiye. Na ce Taibatu ta zo ta taya ni ɗauko ruwan gishiri da sukari. Muna shan kwana bayan labule, yarinyar nan ta damƙe min hannu kamar za ta karya.

"Malama, don Allah zai tashi?"

"In sha Allahu, in dai an bar shi a nan. Tun yaushe?"

"Tun shekaranjiya. Yaron ko nono ya sha sai ya dawo. Zawon kamar ruwa, zannuwana duk sun ƙare." Ko a bayan labule ba ta iya kiran sunansa ba.

"An ɗiga masa rigakafin rota?"

"Na farko kaɗai. Wankan jego na tafi gida Faru, ruwa ya cinye hanya, ko mashin ba ya fita. Da na dawo na ji nauyin in ce a kai shi, kar a ce na cika rawar kai a kan ɗan fari." Hawaye ya zubo mata, ta yi maza ta goge da gefen hijabi. "Don girman Allah kar ki bari ta tafi da shi. Ni ba ni da baki."

Muka dawo ta koma ta fuskanci bangonta. Wayata ta yi ƙara a aljihu. Rilwanu. "Sarauniyar ofis, Hajiya ta kawo ɗan Yaya Jibrin asibitinku. Don Allah ki ɓuya a ɗakin gwaji har su tafi. Ina sonki." Har da hoton zuciya guda uku. Na ce a raina, malam, ka makara, kura ta riga ta ga akuya.

Zuwa hantsi ruwan ya fara aiki. Mujahid ya buɗe ido, ya motsa ƙafa, har ya yi ɗan kuka. Hajiya ta washe haƙorin Makka. Ganin ta sake, sai na ce bari in yi abin da ya kawo ni. Na fito da kwalba da cokali, na yi mata bayani tiryan-tiryan yadda nake yi wa kowa: ba dole ba ne, kyauta ne, ɗan kaɗan za a ɗiba in ya sake yi, a gwada a ga ko rota ce, don a san yadda za a kare sauran yara.

Ta kalli kwalbar, ta kalle ni.

"Mi kic ce? Maimaita in ji."

"Bayan gidansa, Hajiya. Ɗan kaɗan."

"La'ilaha illallahu! Jama'a ku taho ku ji! Kashin jikana za ta ɗauka ta sa kwalba!" Duk ɗakin aka juyo. "Ki kai shi ina? Wa yat turo ki? Mu da ko aski anka yi ma yaro sai mun binne gashin, ko ƙumba ba mu bari ƙasa, ke ki ce in ba ki abin da yah hito cikin cikinai? Ki kai ma wane boka?"

"Hajiya, ɗakin gwaji ake kaiwa..."

"Ɗakin gwaji! Mutum ya ruhe huska kamar ɓarawo shina roƙon kashi. Ke ɗiyar nan, iyayenki na da rai? Sun san abin da kika yi? Wane namiji za ya kwashe ki? Ni ɗana Rilwanu ɗiyar mutunci za ya aura, nan garin take, ofis take aiki cikin sanyi, hannunta ko ƙura ba ya taɓawa. Ki neme ta ta koya miki zaman duniya."

Wata mata a gadon kusa ta tuntsire da dariya. Ni kuwa gumi ya jiƙa min takunkumi. Ban taɓa jin an yabe ni an zage ni a numfashi ɗaya ba sai ranar.

Na ce, "Shi ke nan Hajiya, an fasa. Na ce ai ba dole ba ne." Na mayar da kwalbar aljihu.

Ashe na riga na ɓallo ruwa. Ta miƙe tsaye ta gyara mayafi.

"Taibatu, tashi ki goya shi. Ba ni kwana inda aka farautar kashin yara. Ina juya baya za ta ɗiba. A cire mishi wanga abu, ai ga shi ya warke."

Sista Zainab ta taho da gudu tana ba ta haƙuri, ta ce yaron bai gama karɓar ruwa ba, in aka hau hanyar Bakura da shi cikin wannan rana zawon zai dawo da shi inda ya fito, ko ma abin da ya fi haka. Likita yana ɗakin tiyata, a jira shi. Hajiya ta ce ko Sarkin likitoci ne ba ta jira. Ta kai hannu kan filastar da ke hannun yaron tana neman bakinta.

Taibatu ta tashi. Ta ɗauko zanin goyo, ta kasa ko warware shi. Ta ɗago ta dube ni sau ɗaya.

Masu karatu, ku gaya min, ku da kuke kwance kan katifa kuna latsa waya, da ku ne ya za ku yi? Ga dubulan an soya, ga ɗinkin Inna har an sa masa aiki a wuya, ga Juma'a ta ƙarato. Ga kuma yaro da bakina ne ya ja za a fitar da shi. Tsohuwar nan ba likita take tsoro ba, baƙon hannu take tsoro, wanda ba ta san gidansu ba. Kuma duk asibitin nan mutum ɗaya ce ta san gidansu, har ta aika a nemo wa ɗanta aure a can. Na ji tsoro, ba zan ɓoye muku ba. Na ce Innarmu ki yafe ni, zoɓonki ya sake zubewa.

Na durƙusa gabanta har ƙasa, na sa hannu na janye takunkumin.

"Inna, ki yi haƙuri ki dube ni. Ni ce Hamdiyya. Ta gidan Malam Sanusi tela."

Hannunta ya tsaya a kan filastar. Ta sunkuyo, ta ƙanƙance ido, ta leƙa fuskata kamar mai duba tsabar shinkafa a kasuwa.

"Wace Hamdiyya? Ta Rilwanu?"

"Ita, Inna."

"Ta ofis?"

"Ga ofishin nan, Inna, kina cikinsa."

Matar gadon kusa ta ce "Tabɗi!" ta gyara zama, ta manta da nata ɗan. Na ci gaba, kaina a ƙasa. Na ce ta san gidanmu, ta san ubana, in wani abu ya sami Mujahid ta hanyata ta san ƙofar da za ta buga. Na ce kwalba na fasa, auren ma in ta ga dama ta fasa, amma ta bar yaron nan ya sha ruwansa.

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta saki hannun yaron, ta koma kan kujera a hankali, kujerar ta yi ƙara.

"Taibatu, aje zanen. Ki zauna nan kusa da ɗanki ki riƙe mishi hannu, kin wani ƙura ma bango ido kamar ke kig gina shi." Taibatu ta zauna a bakin gado, ta kama ɗan yatsansa, kanta a sunkuye. Hajiya ta juyo kaina. "Ke kuma kira mani Rilwanu. Ki ce ya taho yanzu, ko mai saye na gabanai."

Na kira. Ya ɗauka da "Hasken Mafara", na ce, "Hajiya na kira, tana gabana," ya katse wayar kamar an ɗauke wuta.

Muna jira ta ce, "To hwaɗa mani. Mi yas sa kunka yi mani ƙarya?"

"An ce kina da ƙyama, Inna. An ce ko kofin wani ba kya sha da shi."

"Ni?" Ta dafe ƙirji. "Ni Gimbiya? Ni da nit tashi gidan shanu, da hannuna nika kwasar kashinsu in kai gona? Ni da niy yi jinyar uwar mijina tana kwance sai an juya ta? Wa yac ce miki ina da ƙyama?"

Na dubi ƙofar da Rilwanu zai shigo. Ba ta sake tambaya ba, sai ta yi wani ɗan murmushi da bai yi min daɗi ba.

Ana haka cikin Mujahid ya yi ƙara, ya saki. Hajiya da kanta ta tashi, ta naɗe hannun leshinta, ta kwance masa kunzugu.

"Taho ki ɗiba. Tunda ɗiyar gida ta, na san inda zan bi sawu. Amma in sun gwada ki taho ki hwaɗa mani abin da sunka gani, ba ni son a ci amanar kashi."

Na sa safar hannu, na fito da kwalba, na tsuguna. Ita ta riƙe ƙafafun yaron, ni ina ɗiba, har tana nuna min wurin da ya fi yawa. Daidai lokacin ƙamshi ya riga mai shi shigowa.

Shadda ce fara tas a jikinsa, sabuwar guga, agogo na walƙiya. Ya yi sallama ya tako, idonsa ya sauka kan cokalin da ke hannuna. Wallahi ina kallonsa, ya ja baya taku ɗaya, ya kai hannun riga ya toshe hanci, ya kau da kai wajen taga. Bai tambayi jikin yaron ba.

"Barka da rana, Hajiya," ya faɗa ta cikin hannun riga.

"Barka kadai, mai ofis. Matso mana, ɗan ɗan'uwanka na."

"Nan ma ya isa, Hajiya. Mura nake."

Mura! Mutumin da ya turo min saƙon murya da safe yana rera min waƙa, murya garau.

Na rufe kwalba, na rubuta lamba a jikinta, na sa a kula. Na cire safar na jefa a kwandon shara, na je famfo na wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu, na sake wankewa, na shafa man kashe ƙwayoyin cuta, duk a gabansa. Ina yi ina lissafi. Wata nawa ina tsoron tsohuwar nan, ina ɓoye kula a bayan ƙofa, ina tsallake layinsu in aiki ya kai ni Bakura, ashe mai ƙyamar yana nan yana turo min hoton zuciya.

Hajiya ta nuna jakar ruwan leda da suka shigo da ita. "Hamdiyya, ba shi ruwa ya sha, ya sha rana."

Na ɗauko guda, mai sanyi, na rusuna na miƙa masa da hannu biyu yadda aka koya mana. Ya kalli ruwan. Ya kalli hannuna. Ya yi 'yar dariyar da ba ta kai ido ba.

"Ajiye a nan kan kujera, zan ɗauka."

"Karɓi mana," in ji Hajiya.

"Na ƙoshi, Hajiya, yanzu na sha."

Tsohuwar nan ta miƙo hannu ta karɓe ledar daga hannuna, ta fasa da haƙorin Makka, ta shanye tas tana kallon ɗanta, ta matse ledar ta yar.

"Ɗiyata," ta ce, karon farko da ta kira ni haka, "kaya na nan an haɗa, Juma'a muna tahe in kina so. In kuma ba ki so, hwaɗa mani yanzu, ni da ƙahwata zan je in ba uwarki haƙuri, ba mai zaginki. Ni na ga abin da nig gani."

Wayata ta motsa a aljihu. Na duba a sace. Shi ne, yana tsaye taku kaɗan da ni, hannunsa a bayan riga yana latsawa: "Ki ce kina so. Bayan biki ki ajiye aikin, komai ya wuce. Kar ki kunyata ni gaban mutane."

Na karanta na mayar aljihu. Ina sonsa, masu karatu, kar ku ɗauka dutse ne a ƙirjina, ina sonsa ƙwarai. Na tuna Innarmu tana can tana jera dubulan a bokiti. Na dubi Taibatu, karon farko ta ɗago kai gaban surukarta tana kallona, yatsan ɗanta a cikin tafinta.

Na sunkuya na sake ɗauko wata ledar ruwan. Na taka har gabansa, wannan karon ban rusuna ba, na miƙa masa da hannun dama, wanda ya riƙe cokalin.

"Inna," na ce, idona a kansa, "amsar tana wurinsa. In ya sha, ku taho Juma'a."

Sanyin ledar ya fara gangaro min a tsintsiyar hannu yana ɗiga a siminti. Matar gadon kusa ta daina jijjiga ɗanta. Rilwanu ya dubi uwarsa, ya dubi ƙofa, ya dubi hannuna, ni kuwa na rantse a raina ko zan kai la'asar a tsaye ba zan sauke shi ba.